Giga 512 ko tera 1? Lissafin ma'ajiyar laftof ga masu aikin hoto, bidiyo da sauti

Tun da Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, mutane da yawa suka shiga neman sabuwar laftof. Neman ya zo daidai da lokacin da farashin ƙwayoyin ajiyar bayanai ya tashi, saboda manyan cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira suna kwashe abin da masana'antu ke fitarwa. Sai mai saye ya tsinci kansa tsakanin shawara biyu masu karo da juna. Wani ya ce masa giga 256 ya isa, tunda komai yanzu a intanet ake ajiye shi. Wani kuma ya ce duk abin da bai kai tera 2 ba asarar kuɗi ne. Kowannensu yana iya yin gaskiya a kan irin aikin da yake yi. Abin da ke raba gardamar shi ne girman aikin da mutum yake riƙe da shi a buɗe a lokaci guda, da kuma ko za a iya ƙara wa na'urar ma'ajiya daga baya.

Ma'ajiya daban, RAM daban

Ana yawan cakuɗa biyun domin duka da giga ake auna su. RAM wurin aiki ne na ɗan lokaci, da an kashe kwamfuta abin da ke cikinsa ya goge. Ma'ajiya ita ce ke riƙe fayil ko an kashe na'ura. A laftof ta yau ma'ajiyar kusan kullum SSD ce, wato ƙwayoyin lantarki marasa juyawa, saɓanin tsohon faifan HDD mai juyi da allura. Tera 1 daidai yake da giga 1,000.

Akwai inda biyun ke haɗuwa. Idan RAM ya cika, kwamfuta takan ari wani yanki na ma'ajiya ta zuba rarar aikin a ciki. Photoshop ma yana da nasa filin aron da yake rubuta tarihin gyare-gyare da manyan hotuna. Saboda haka laftof mai ƙaramin RAM ta fi buƙatar ma'ajiya mai sarari, kuma mai giga 8 na RAM da giga 256 na ma'ajiya tana fama ta fuska biyu.

Ana kuma samun laftof masu araha da ke ɗauke da wata ma'ajiya mai suna eMMC, yawanci giga 64 ko 128. Tana da jinkiri, a liƙe take da babban allon lantarkin da ke cikin kwamfutar, ba ta cikin wannan lissafi gaba ɗaya.

Abin da aka rubuta a kwali da abin da ya rage a hannu

Masu ƙera SSD suna ƙirga giga ɗaya a matsayin bait biliyan ɗaya cif. Windows kuwa yana ƙirgawa da ninkin 1,024. Shi ya sa SSD mai 256 ke fitowa a 238, mai 512 a wajen 476, mai tera 1 a 931, mai tera 2 a wajen 1,862. Ba wanda ya saci komai, ma'aunin ne ya bambanta. Kwamfutocin Apple tun 2009 suke nuna adadin kamar yadda masu ƙerawa ke ƙirgawa.

Daga nan sai a fara cirewa. Windows 11 bai yarda a saka shi a ma'ajiyar da ta gaza giga 64 ba. Yana keɓe kusan giga 7 domin sabuntawa. Fayil ɗin da yake adana yanayin kwamfuta idan ta shiga dogon barci yakan kai kusan kashi 40 cikin ɗari na girman RAM, wato laftof mai giga 32 na RAM tana rasa wajen giga 13 a nan kaɗai. Bayan babban sabuntawa kuma, tsohon Windows yana zaune a jakar Windows.old har kwana goma kafin a share shi. Sai manhajojin aiki: Photoshop, Lightroom, Premiere Pro, After Effects, DaVinci Resolve, Blender, da haruffa da ƙarin kayan da ake liƙa musu. Mai aiki da uku ko huɗu daga cikinsu ya ware giga 100 ga tsarin kwamfuta da manhajoji, wannan ƙiyasi ne mai ma'ana.

Cirewa ta ƙarshe ita ce wadda aka fi mantawa da ita. SSD ba ta rubutu a kan tsohon rubutu kai tsaye. Sai ta kwashe bayanan da ke wani sashe ta kai wani wuri, ta goge sashen gaba ɗaya, sannan ta rubuta sabo. Wannan kai-kawo yana buƙatar fili. Yawancin SSD kuma suna amfani da filin da ba kowa a ciki a matsayin yankin rubutu mai sauri, to da zarar faifan ya kusa cika sai yankin ya tsuke. Kamar tela ne da ya jibge yadi a kan teburinsa har ya rasa inda zai shimfiɗa ya yanka. Alamun a bayyane suke: kwafin babban fayil ya fara da gudu sai ya koma rarrafe, Photoshop ya ƙi buɗe hoto yana cewa filin aronsa ya cika, fitar da bidiyo ya tsaya a tsakiya. Shi ya sa masu aikin ke barin kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari ba a taɓa ba.

Idan aka cire kashi 20 da giga 100 ɗin nan, ga abin da ya rage na ainihin aiki a Windows: wajen giga 90 a mai 256, wajen 280 a mai 512, wajen 645 a mai tera 1, wajen 1,390 a mai tera 2. Duba da kyau: daga 256 zuwa 512 ma'ajiya ta ninka sau biyu a takarda, amma filin aiki ya ninka sau uku, domin kason tsarin kwamfuta ba ya ƙaruwa da girman faifai.

Bidiyo, inda lissafin ya fi zafi

Girman fayil ɗin bidiyo bai dogara da kalmar 4K, wato girman hoton bidiyon, kaɗai ba. Abin da ke yanke hukunci shi ne yawan bayanan da kyamara ke rubutawa a daƙiƙa, wanda ake nunawa da Mbps a saitinta. Lissafin ba wuya: a ninka adadin Mbps da 0.45, abin da ya fito shi ne giga nawa awa ɗaya za ta ci. Kyamarori da yawa marasa madubi suna ɗaukar 4K a 100 Mbps, awa ɗaya giga 45 ke nan. Idan aka koma tsarin da ke adana kowane firam, wato kowane hoto guda daga jerin hotunan da ke haɗa bidiyo, shi kaɗai a 400 Mbps, awar ta zama giga 180, a kyamara ɗaya, da girman hoto iri ɗaya.

Tsarin adana bidiyo na ProRes da Apple ya fitar a 2007 ya fi haka ci. ProRes 422 HQ a 1080, girman da ke ƙasa da 4K, mai firam 30 a daƙiƙa yana tafiya a 220 Mbps, kusan giga 99 a awa. A 4K mai firam 24 yana kaiwa 707 Mbps, wajen giga 318 a awa. Ko a waya ma haka abin yake: Apple ya nuna minti ɗaya na ProRes a 4K yana cin kusan giga 6 a iPhone, shi ya sa iPhone 13 Pro mai giga 128 aka taƙaita masa ProRes a 1080.

Ɗanyen ɗauka kuma rabin labari ne. Tsare-tsaren H.264 da H.265 da ƙananan kyamarori ke amfani da su suna matse fayil sosai, amma warware su yana gajiyar da kwamfuta a lokacin tacewa. Maganin da aka saba shi ne a ƙirƙiri furokzi, wato kwafi mai sauƙin nauyi da ake tacewa da shi, sai a ƙarshe manhaja ta koma kan na asali. ProRes Proxy a 1080 yana cin wajen giga 20 a awa. Bayan shi akwai fayilolin renda da manhaja ke ƙirƙira domin a kalli gyaran launi da rubutu ba tare da sarƙewa ba, da fayilolin wucin gadi na sauti, da kwafe-kwafen da ake fitarwa duk lokacin da mai aiki ya ce a gyara wani wuri.

A ɗauki aiki guda: an ɗauki awa uku a 100 Mbps, za a fitar da minti 20. Ɗanyen ɗauka giga 135. Furokzi giga 60. A ware giga 40 na renda da wucin gadi. Fitarwa sau biyar a 40 Mbps, kowace giga 6, giga 30. Jimla 265. Laftof mai 512 za ta ɗauke shi da ƙyar, amma ba wurin aiki na biyu, kuma idan aka nemi babban kwafi a ProRes 422 HQ na 4K, ƙarin giga 106 ne wanda ba shi da mazauni. Mai tera 1 za ta riƙe irin wannan aiki biyu. Wanda ke ɗauka da kyamara biyu ko uku a taro guda sai ya ninka ɗanyen ɗaukar da furokzin da adadin kyamarorin.

Ƙa'idar da za a iya riƙewa ita ce aikin bidiyo a buɗe yana cin kusan ninki biyu na ɗanyen ɗaukarsa, wani lokaci har uku.

Masu zane mai motsi da 3D suna da nasu ramin. Akan fitar da renda a matsayin jerin hotuna, kowane firam fayil guda. Firam ɗaya na 4K a tsarin fayil ɗin hoto na EXR mai tashoshi huɗu, ba a matse ba, wajen mega 66 ne (mega 1,000 ne giga 1). Minti ɗaya a firam 24 firam 1,440 ne, kusan giga 95. Matsewa tana rage wannan sosai, amma ƙarin tashoshin haske da inuwa da zurfi suna sake kumbura shi.

Hoto, zane da sauti

Mai ɗaukar hoto ba ya cika faifai a rana ɗaya, a hankali abin ke taruwa. Ɗanyen hoto na RAW daga kyamara mai megafiksel 24 yakan kai mega 25 zuwa 30 idan an matse, wajen 50 idan ba a matse ba. Mai megafiksel 61 yana kaiwa mega 120 ba a matse ba. Hoto 1,500 daga taro ɗaya a mega 30 giga 45 ne. Inda mutane ke mamaki shi ne lokacin da aka tura hoto daga Lightroom zuwa Photoshop: hoton megafiksel 24 ɗin nan idan ya koma TIFF mai bit 16 ya zama mega 144 tun kafin a ɗora masa shimfiɗar gyara ko ɗaya, kuma kowace cikakkiyar shimfiɗa tana ƙara nauyi. Hoto 100 da aka yi wa haka sun haura giga 14. Aiki 40 irin wannan a shekara ya wuce tera 2. Babu laftof mai matsakaicin farashi da za ta riƙe wannan tarin, don haka tambayar mai hoto ita ce aiki nawa ne ke hannunsa kafin ya miƙa wa masu shi, ba hoto nawa yake da shi a duniya ba.

Mai zanen tambari, fosta da tsara shafi a Illustrator, InDesign, Affinity, Figma ko Canva shi ne ya fi kowa sauƙi. Fayilolinsa ba su cika wuce 'yan mega goma-goma ba sai an cusa manyan hotuna. Giga 512 ya ishe shi shekaru.

Sauti yana da ban mamaki ta wata fuskar. Naɗar da kanta ba ta da nauyi: WAV mai bit 24 a 48 kHz, layi ɗaya, mega 8.6 ne a minti, sitiriyo kuma kusan giga 1 a awa. Waƙa mai minti huɗu da layi 30 wajen giga 1 ce a ɗauka guda. Abin da ke cinye wuri shi ne rumbunan sautukan kayan kiɗa. Cikakken rumbun Logic Pro giga 72 ne. Babban rumbun ƙungiyar makaɗa guda ɗaya yakan haura giga 500, wasu tarin kuma sun wuce tera 1. Don haka mai shirye-shiryen murya zalla zai zauna lafiya da 512, mai haɗa kiɗan fim kuwa tera 2 ma na iya yi masa kaɗan. Masu sauke manhajojin ƙirƙirarriyar basira su yi aiki a kan na'urarsu su ma su saka wannan a lissafi, samfurin ƙirƙirar hoto na Stable Diffusion XL guda ɗaya kusan giga 7 ne, kuma ba a cika tsayawa a ɗaya ba.

Babbar ma'ajiya a ciki, ko ƙarama da faifan waje?

A nan masana suka rabu, kuma kowane ɓangare yana da hujja.

Masu cewa a sayi babba tun farko suna kafa hujja da abu uku. Na ɗaya, a laftof da yawa SSD a liƙe take da babban allo. Duk MacBook na yanzu haka suke, da wasu siraran laftof na Windows, abin da aka saya da shi za a rabu. Na biyu, babbar SSD takan fi ƙarama sauri a samfuri ɗaya, domin ana raba rubutu a kan ƙwayoyi da yawa a lokaci guda. An ga haka a MacBook Air mai M2 na 2022, inda mai giga 256 ya zo da ƙwaya ɗaya tak, gwaje-gwaje suka nuna ma'ajiyarsa ta fi ta wanda ya gabace shi jinkiri. Na uku shi ne tsawon rai. Kowace SSD tana da adadin rubutun da kamfani ya lamunce mata, kuma yana tafiya da girma: Samsung 970 EVO Plus mai 500 an lamunce masa rubutun tera 300, mai tera 1 kuma 600. Wannan hujja ta uku ita ce mafi rauni, domin wanda ke rubuta giga 100 kullum zai shafe sama da shekara takwas kafin ya kai tera 300.

Masu cewa a sayi matsakaiciya a haɗa da faifan waje suna nuni da farashi: kuɗin da kamfanin laftof ke ƙarawa daga 512 zuwa tera 2 yawanci ya fi kuɗin SSD ta waje mai girman haka nesa ba kusa ba. Faifan waje kuma yana bin mutum zuwa sabuwar kwamfuta. Gaskiya ne, amma da sharaɗi, kuma sharaɗin yana cikin kebul da mashiga. USB-C siffar baki ce kawai, ba ta faɗin sauri. Mashiga mai gudun 5 Gbps tana ba da wajen mega 400 a daƙiƙa, ta 10 Gbps wajen 1,000, Thunderbolt 3 da 4 kusan 2,800. Kebul ɗin caji da yawa masu bakin USB-C a ciki USB 2.0 ne, wajen mega 40 a daƙiƙa, sai mutum ya ɗora wa faifai laifin da na kebul ne. Faifan da aka rubuta wa 20 Gbps na Gen 2x2 kuma a Mac yakan sauko zuwa 10. Ga tace 4K na yau da kullum, 10 Gbps ta wadatar ƙwarai, tunda ko ProRes 422 HQ na 4K bai kai mega 90 a daƙiƙa ba. Faifan HDD na waje mai ba da mega 100 zuwa 130 wurin adana aikin da aka gama ne.

Matsalolin faifan waje na zahiri ne. Kebul ya motsa ana cikin rubutu, fayil ya lalace. Windows ya sauya wa faifan harafi, manhaja ta ce ba ta ga bidiyon ba. Sai zaɓin tsarin faifai: exFAT yana aiki a Windows da Mac, amma ba ya riƙe rajistar da ke taimakawa wajen gyara idan an zare shi bagatatan. Mac yana karanta NTFS amma ba ya rubutu a kansa ba tare da ƙarin manhaja ba. FAT32 kuwa ba ya karɓar fayil da ya wuce giga 4.

Ma'ajiyar intanet ba ta maye gurbin ko ɗaya daga cikinsu ga mai manyan fayiloli. Abin da ake bayarwa kyauta kaɗan ne: giga 15 a Google, 5 a OneDrive da iCloud, 2 a Dropbox. Ko an biya kuɗi, ɗora giga 100 a layin da ke tura 20 Mbps awa 11 ne ba tsayawa. Aiki tare tsakanin kwamfuta da intanet kuma ba kariya ba ne cikakke, abin da aka goge a nan yakan goge a can.

Abin dubawa kafin a biya kuɗi

Tambaya ta farko ga kowace laftof ita ce ko SSD ɗinta tana cirewa. Idan tana kan gurbin M.2, wato gurbin da ake soka SSD a kuma iya zare ta, ana iya fara da 512 a musanya daga baya, sai dai a tabbatar da tsawon da gurbin ke karɓa: 2280 shi ne gama-gari, siraran na'urori sukan ɗauki 2242 ko 2230. Manyan laftof na wasanni da na ƙwararru sukan zo da gurbi biyu, wanda shi ne tsari mafi daɗi: tsarin kwamfuta da manhajoji a ɗaya, aiki da fayilolin wucin gadi a ɗaya. Wasu siraran kuma SSD mai ƙwayoyi a fuska ɗaya kawai suke karɓa, abin da ke iya hana saka wasu masu tera 4. Idan kuwa a liƙe take, hikima ita ce a hau mataki ɗaya sama da abin da lissafin yau ya nuna, domin kyamara ta gaba da manhaja ta gaba ba za su zo da ƙananan fayiloli ba.

Wanda yake da tsohuwar kwamfuta yana da ma'auni mafi inganci a hannunsa. Ya duba girman jakar babban aikinsa na baya-bayan nan tare da rendarsa, ya ninka da yawan ayyukan da ke haɗe masa a lokaci guda, ya ƙara giga 100 da girman rumbunan sauti ko samfuran da yake amfani da su, sannan ya raba jimlar da 0.8. Adadin da ya fito sai a kwatanta da 476, 931 ko 1,862.

A aikace sakamakon yakan faɗo haka. Giga 256 na marubuci ne da mai aiki a burauza. Microsoft ya sa shi a matsayin mafi ƙarancin ma'ajiyar kwamfutocin Copilot+ a 2024, amma mafi ƙaranci ne, kuma ga mai manhajojin Adobe irin su Photoshop takura ce tun watan farko. Giga 512 ya dace da mai zane, mai shirin murya, da mai gajerun bidiyon waya da ke kwashe aiki da zarar ya gama. Tera 1 shi ne inda mafi yawan masu hoto da masu tace 4K za su samu sukuni. Tera 2 zuwa sama na mai ProRes ko ɗanyen bidiyo ne, da mai kyamarori da yawa, da mai manyan rumbunan kiɗa, da wanda ke aiki a tafiye inda rataya faifai ke da wahala.

Kafin wanda ma'ajiyarsa ta cika ya yanke cewa sai ya canza na'ura, ya fara leƙa fayilolin wucin gadi. Premiere Pro yana da saitin share waɗanda suka daɗe, After Effects yana da maɓallin kwashe nasa, DaVinci Resolve yana tara nasa a jakar CacheClip, Final Cut Pro yana ɓoye renda a cikin laburaren aikin, Lightroom Classic kuma ana iya sa shi ya zubar da manyan samfotin hotuna bayan kwana 30. Duk waɗannan manhaja za ta sake ƙirƙirarsu idan ta buƙata, kuma ana iya mayar da mazauninsu kan SSD ta waje.

Kasafin ma'ajiya bai cika ba sai an saka kuɗin kwafin ajiya. Tsarin da aka fi bi shi ne 3-2-1: kwafi uku, a kan nau'in ma'ajiya biyu, ɗaya a wani wuri daban. SSD takan mutu ba gargaɗi, kuma idan a liƙe take a na'urar da ke rufe bayanai da mabuɗin sirri, lalacewar babban allo na iya tafiya da fayilolin duka. Wanda ya sayi laftof mai tera 2 yana buƙatar faifan waje da ya kai aƙalla girmanta domin kwafi, gara ma ninki biyu idan manhajar kwafin tana adana tsofaffin sigogin fayil kamar yadda Time Machine na Mac ke yi.